Ƙanwata ta nono da kwamitin likitoci

Na daɗe ina son rubuta wannan, ina fasawa, don an ɗauki alƙawarinmu ba za mu fitar da maganar kwamiti waje ba. Sai da na tambayi shugabarmu, ta ce in dai ban kama suna ba, in rubuta in huta.

Shekarun baya, ina ɗinki a kasuwar Umdurman a nan Sudan, aka gayyace ni cikin kwamitin da ke duba takardun masu neman tallafin binciken cututtuka masu yaɗuwa. Karatuna firamare ne. Sun san ni ne a wajen rigakafi, inda nake yi wa tsofaffinmu Hausawa tafinta. Likitoci ne ke auna ko tambayar binciken tana da amfani, ko mutanen da za a gwada sun isa. Ni kuwa aikina in faɗi ko jama'a za su yarda a shigo musu gida. Kowa ya ba da maki, a haɗa, wanda ya fi ya samu.

Cikin masu nema akwai wata likita da ke son auna yawan tsargiya a gidajen masunta na Jabal Awliya, inda yara ke fitsarin jini ana cewa girma ne. Ina jin sunanta na gane ta. Tun muna yankin Jazira, uwarta ta kwanta ciwo lokacin tsinkar auduga, mahaifiyata ta shayar da ita tare da autanmu.

Uwar ta biyo ni har shago. "Ɗana, Allah ne ya kai ka kujerar nan. Bahaushe ɗaya a ciki, kuma yayanta! Ka buɗe bakin nan naka, ba kullum la'alla, la'alla ba."

"Inna, akwai doka."

"Doka ta sha nono da kai?"

Dokar ita ce, duk mai dangantaka da mai nema ya faɗa, ya fita. To amma nono fa? Ba jini ba ne, babu wanda ya sani. In na yi shiru, zan iya shaida musu cewa masunta za su buɗe mata ƙofa, don Hausawa ne, da yarensu za ta yi musu magana. In na fita, mai yiwuwa takardarta ta faɗi, yaran su ci gaba da fitsarin jini. Ranar har hannun jallabiyar wani na ɗinka a juye.

A ranar zama na hau raksha, keken nan mai ƙafa uku, na shiga mota zuwa Soba inda kwamitin ke zama, ina ta canza shawara a hanya. Da shugabar ta tambaya ko akwai mai dangantaka, sai na ga hannuna a sama.

"Ya dakta, ƙanwata ce ta nono."

Wani likita ya yi dariya. "Ya zol, bawan Allah, nono kuma? Haka za mu kori rabin Sudan!"

Shugabar ta dube ni. "Ya Hajj, za ka iya aurenta?"

"A'uzu billahi!"

"To 'yar'uwarka ce. Fita ka sha shayi."

Na zauna wajen mai shayi a ƙofa. Da na koma babu wanda ya gaya mini komai, ni ma ban tambaya ba. Inna ta daina amsa gaisuwata.

Bayan wasu makonni ƙanwar tawa ta kira, tana ihu: "Yaya, na samu!"

Daga baya wani da bai samu ba ya kai ƙara, wai ɗan'uwanta ne ya tura ta daga ciki. Da ƙarar ta tabbata, da an janye tallafin. Shugabar ta ce masa ɗan'uwan nata yana waje yana shan shayi lokacin, mutum nawa suka gan shi. Maganar ta mutu nan take. Aka yi binciken, aka kai magani gidajen masunta. Inna da kanta ta aiko mini da tuwo, tana cewa ai ita ta ce in bi doka.

Har yau in na tuna sai in ji daɗi. Wasuwasin da matata ke yi mini gori a kansa ya yi rana sau ɗaya.

Yanzu ga tambayata ga wanda ya san aikin irin waɗannan kwamitoci: maƙwabtaka ma ana fita saboda ita? An sake gayyatata, kuma a Umdurman da wuya ka sami gidan Bahaushe da ban ci abinci a cikinsa ba.