Tokar Shayi a Hanyar Maraɗi

Liman bai sallame asuba ba muka bar Dakoro, ni da uwar mijina da ɗiyata wata tara a baya. Kwana huɗu yarinyar tana gudawa, madigarta ta faɗa, kuma mai allurar disfansarmu ya ce abin ya fi ƙarfinsa, a kai ta likita Maraɗi, kada a bar bakinta ya bushe ko na ɗan lokaci. Maigida yana ci-rani. Na cika gora biyu da tafasasshen ruwa muka hau kamyon, babbar motar kaya, ranar kasuwa.

Kamyon nan tun na Nasara ne. Shekara uku ke nan da aka sauke tutarsu, sun tattara nasu sun tafi, suka bar mana wanga tsohon ƙarfe mai tari kamar jakin da ya sha ƙaiƙayi. An loda buhunan wake, bisa wake fatu, bisa fatu mu. Raguna biyu sun fi mu samun wuri. Hanyar yashi ce zalla, bazara ta ƙone komai, sai aduwa da tumfafiya da shanun Fulani suna layi a bakin rijiya. A wani ƙauye mata suka ɗago mana ƙwaryar fura, da tsada kuma nonon ya sha ruwa.

Hantsi bai gama ɗagawa ba gaban motar ya fara huci. Direban, wani ƙato mai baƙin tabarau, ya sauka ya leƙa, ya ce tankin ruwa ne ya tsage, kowa ya kawo abin da yake da shi. Maza suka miƙa salkunansu. Ya iso kaina. Ga shi ɗiyar fari ce, wadda ko sunanta ba na faɗi, ga uwar miji a gefena, ga mata sun zubo ido su ga ko ina da kara. Na miƙa gora ɗaya. Ina kallo ya tuttula ruwan da na tafasa da hannuna a bakin ƙarfe, ya bi shi da garin taba wai zai toshe tsagar. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ba mu kai Kornaka ba motar ta sake tsayawa, rana tsaka. Inuwar kirki babu sai ƙarƙashin motar, can na shiga da yarinyar ina ɗiga mata ruwa da cokalin duma. Daga nan na ga abin da masu leƙe daga sama ba su gani ba. Ɗigo iri biyu ne. Ɗaya yashi ya shanye shi nan take, ɗaya baƙi ya zauna yana sheƙi. Na murza shi a yatsa. Ni da na tashi gidan masu ƙuli ba za a koya mini mai ba. Kuma ruwan ba daga jikin tankin yake fitowa ba, gangarowa yake daga sama ya biyo gefensa ya taru a gindi.

Sai ga ƙafafun direba. Ya duƙo ya ce in kawo ɗayan goran. Na ce a'a. Ya ce in mota ba ta tashi ba dukkanmu za mu kwana a daji, har ɗiyar tawa. Na ce ai ko teku ya zuba zuba za ta yi, tunda bai san inda take yoyo ba, kuma mai ma yana zuba bai lura ba.

"Ke yarinya, shekara nawa kika yi kina tuƙi?"

"Ban taɓa ba. Amma randar gidanmu in tana tsattsafo, ba ƙara mata ruwa mukai ba. Gogewa mukai ta bushe, mu barbaɗa toka, inda ya fara jiƙa nan ne tsagar."

Maza suka yi dariya. Wata mata ta ce da ta kusa da ita yaran yanzu ba kunya, a kan ɗan fari ake wanga baki gaban suruka. Kunnena ya yi zafi, amma na rungume goran. Inna, uwar mijin nawa, ta jawo shi daga hannuna ta zauna a kai, ta ce wanda ya isa ya zo ya ɗaga ta.

Wani tsohon Buzu da ke dafa shayi a gindin aduwa shi ya raba gardamar. Ya taso da ɗan murhunsa, ya ce da direba gwadawa ba ta cin kuɗi. Maganar da na faɗa ce ya maimaita, bai ƙara ko harafi ba, amma da yake daga ƙarƙashin rawani ta fito, sai ta zama magana. Aka goge injin da tsumma, aka barbaɗe shi da toka har ya yi fari, aka murɗa ƙarfen gaba motar ta tashi. Jikin tankin bushe yake ƙayau. Tokar ta fara baƙi a bakin tiyon roba na sama, daidai inda ƙarfen ɗauri ya ci shi. Can baya kuma, a gefen murfin saman inji, wani zare baƙi ya sauko a hankali. Kusoshi biyu ne suka saki.

Direba ya yanke ruɓaɓɓen bakin tiyon da wuƙa, ya mayar, ya ɗaure da waya, ya matse kusoshin. Aikin bai kai dahuwar shayi biyu ba. Saboda wannan aka shanye ruwan mutum ashirin da goran ɗiyata! Muka lallaba da ɗan abin da ya rage a tankin har rijiyar gaba, aka cika.

La'asar sakaliya muka shiga Maraɗi, goran saura kurɓi biyu. Direba ya yi ta yi wa Buzun godiya a tasha. Ni ko kallo ban samu ba, sai ma ya ce in matsa za a sauke wake. Likita ya taɓa madigar yarinyar, ya buɗe bakinta, ya tambaya wa ya yi ta ba ta ruwa a hanya. Inna ta nuna ni da haɓa. Kwana shida muka yi, a na huɗu yarinyar ta kama nono da ƙarfinta.

Mun dawo a wata motar, lafiya lau. Labari ya riga mu zuwa unguwa, an ce na yi wa namiji tsiwa a bainar jama'a kan ɗiyar fari. Su faɗa. Abin da na ɗauko a tafiyar nan bai da yawa: mai tabarau ma yana iya rasa inda ruwa ke fita, kuma kara tana da wurinta, amma ba a kan ruwan ɗan da ba shi da lafiya ba. Kunyar da nake ji ta goran farko ce, wanda na miƙa.