Bafil na Hagu

Bayan rasuwar matata na daɗe ban taɓa turnedis ɗinmu ba, abin juya faifai mai bafil biyu, wato lasifikar dama da ta hagu. Ran da na kunna, sai na ji na hagun yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai gaida suruki.

Ni da ban wuce aji biyu a firamaren lakwal ba, na zama injiniya. Na hure allura, na sauya wayoyi, na musanya bafil ɗin. Hagu dai bai farka ba. Na kira mai gyaran rediyo na kasuwar Gure, ya auna.

"Baba, biyun daidai suke. Kunnenka na hagu ne ya riga ka tsufa."

Na ce ƙarya yake, ai shekaru ina ji lafiya. Sai ya nuna mini maɓallin raba sauti. Yana tsakiya, amma can hagu akwai ɗigon jan farcen matata. Ashe a kan ɗigon take ajiye mini maɓallin, masu sharar makoki suka mayar da shi tsakiya.

Ni kuwa kullum ina tsokanarta da kurma, tana dariya.

Na murɗa zuwa ɗigon. Sauti ya daidaita, amma ban iya ƙarasa faifan ba.