Na Ɗora wa Mama Kaya a Ka

A shekarata ta uku a jami'a aka fara koya mana zane mai motsi, abin da Innata take kira katun har gobe. Ni kuwa Allah bai yi ni da zama wuri ɗaya ba. Manhaja uku na sauke a laftof ɗina cikin mako guda, in buɗe wannan, in ga ta yi mini wuya, in rufe in koma waccan. Malaminmu, wani dogon mutum mai magana a hankali, ya sa mu zana ƙwallo tana faɗowa tana tsalle. Sati biyu cur muna kan ƙwallo ɗaya! Na ce masa ni mutane nake son zanawa, suna gudu suna dambe. Ya ce in gama da ƙwallon tukuna. Ran nan haushi ya hana ni cin abinci.

Da zango ya kusa ƙarewa sai ya raba mu biyu-biyu, ya ce kowane biyu su kawo fim na minti ɗaya. Na haɗu da ƙawata, wadda tun ajin farko benci ɗaya muke zama. 'Yar Gbagyi ce. Mu a gida Gwari muke cewa, amma ba ta son jin sunan, sai na bari. Zane kam ba ta iya ba, in ta zana akuya sai ka rantse kujera ce, amma wajen tsara labari da haɗa sauti babu kamarta a ajin.

Ita ta ce mu yi fim ɗin a kan mahaifiyarta. Mama ta yi shekaru tana ɗauko doya daga gonarsu, can wajen hanyar Zungeru, tana fito da ita bakin titi. Yanzu gwiwoyi sun ƙi. Shekara biyu ke nan tana zaune a gidan babban ɗanta a unguwar Tudun Fulani, nan Minna, ko tsakar gida sai an kama ta take fitowa. Ƙawata ta ce mini, "So nake ta ga kanta tana tafiya, ko sau ɗaya." Kuma ashe har ta riga ta gaya wa tsohuwar. Duk ranar da ta je gida sai Mama ta tambaye ta ko an gama.

Na ce ta bar mini komai, wannan ai ƙaramin abu ne. Na samo darussan zana mutum yana tafiya a intanet, na kwaikwayi ɗaya, na ɗaura wa matar zani, na ɗora mata daro cike da doya a ka. Wutar ɗakin kwananmu ba ta da tabbas, don haka da an tashi daga aji sai in wuce wani shagon cajin waya a Bosso, in zauna a kan benci, kekuna masu ƙafa uku suna ta hon a kunnena, ni ina ta gyaran ƙafa da gwiwa. Sati uku na yi a haka. Ƙawata ta yi ta roƙo in nuna mata, na hana. So nake in burge ta gaba ɗaya.

A shagon na kunna mata, ina ta washe baki. Ta kalla har ƙarshe. Sannan ta ce, "Wace ce wannan?"

"Mama mana."

"A ka? Mamata kika ɗora wa kaya a ka?"

Sai a lokacin na tuna. Matan Gbagyi ba sa ɗaukar kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka. Girmama kai suke yi, ba sa yarda a mai da shi wurin dako. Kuma na sani! Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. A Minna aka haife ni, aikin jirgin ƙasa ne ya kawo kakana daga Kano, tun ina rarrafe matan nan suke shigowa gidanmu da itace da doya a kafaɗa, Inna tana ciniki da su. Shekara ashirin ina ganinsu, amma da na zo zane sai hannuna ya zana 'yar tallan unguwarmu.

Maimakon in ba ta haƙuri, sai bakina ya riga ni. Na ce, "To mene ne a ciki? Kaya ai kaya ne. Minti biyu na sauko da shi."

Ta rataya jakarta. Ta ce, "Ba zan kai mata wannan ba. Gara in ce mata mun kasa." Ta tare keke ta yi tafiyarta, ko waiwaye babu.

Na ja daron na sauko da shi kafaɗa, kamar yadda na cika baki. Tabɗi! Mata tana tafe a miƙe sambal, hannuwa biyu suna lilo, daro yana shawagi kusa da kunnenta ba abin da ya riƙe shi. Mai shagon ya leƙo ya ce, "Hajiya, aljana kike zanawa?" Ashe in kaya ya bar kai ya koma kafaɗa, wuya ma sai ya canza, da ƙugu, da tsawon taku. Aikin sati uku ya tashi a banza, ga kwana takwas kacal ya rage.

Kwana biyu na yi ina yawo kamar wadda ta yar da wani abu. In tsaya bakin kasuwa ina kallon masu itace, in bi bayan wata, ta juyo ta ce lafiya, in wayance da tambayar farashi. In koma shago in zana, in goge, in sake fita. Idona yana gani amma hannuna ya ƙi kamawa. Na kira ƙawata ya fi sau goma, ba ta ɗauka ba. Da na kai wa malam kukana, bai ko buɗe laftof ɗin ba. Ya ce, "Je ki ɗauki kayan da kanki."

Na shiga keke sai Tudun Fulani, ba tare da an gayyace ni ba. Na tarar da Mama a kan tabarma a ƙofar ɗaki, ƙafafu a miƙe, ƙawata tana gefe tana tsince shinkafa, ta yi kicin-kicin da fuska. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "'Yata, an gama?" Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na gaya mata gaskiya, cewa a ka na ɗora mata doyar. Na ɗauka ranta zai ɓaci, sai ta fashe da dariya har da hawaye. Ta ce, "Ni? Ko ranar aurena ban ɗora komai a kan nan ba sai ɗankwali."

Ta sa aka kawo daro aka zuba doya biyar. Ƙawata ta ɗora mini a kafaɗar hagu, kuma na tabbata da gayya ta sake shi da ƙarfi. Wayyo! Nan take wuyana ya karkace, idona ya koma ƙasa, hannuna ya tashi da kansa ya kama bakin daron. Mama tana zaune tana ba da umarni: "Sunkuya kaɗan. Kada ki buɗe ƙafa, gajere-gajere, da sauri. Ke, ba yanga za ki yi ba!" Na zagaya tsakar gidan sau uku, hijabina yana zamewa, a na huɗu doya ta watse har cikin kaji. A nan ne ƙawata ta yi dariya, ta ciro waya ta ce in sake, za ta ɗauki bidiyo.

Kwana biyar ba za su isa in zana duk abin da muka tsara ba, wato fitowa daga gona, da haye rafi, da isowa titi. Sai na yi dabarar da aka koya mana. Taku biyu kawai ake zanawa, dama da hagu, a haɗa zanen ƙarshe da na farko. Matar tana tafiya a wuri ɗaya, itatuwa da kunyoyin doya ne suke wucewa a bayanta, mai kallo ya ɗauka gaba take ci. Zane ashirin da huɗu na yi, kowanne ina tuna ciwon kafaɗata. Ƙawata ta sa ƙarar takun silifa da wata waƙar yarensu da Mama take yi in tana aiki. Muka nuna a aji, malam ya gyaɗa kai sau ɗaya. Ni dai hankalina ba a kansa yake ba.

Ranar Asabar bayan la'asar muka kai wa Mama. Na ajiye laftof a kan kujera 'yar tsugune, na saita shi ya riƙa maimaitawa don ta kalla son ranta. Da matar ta fito, Mama ta matso da fuska. Sai na ga hannunta na hagu ya tashi a hankali ya tsaya saitin kafaɗa. Ta ce, "Ni ce. Wallahi ni ce." Ƙawata ta damƙe mini hannu har na ji zafi. Daɗi ya kama ni, na ji kamar in tashi in yi rawa.

Fim ya ƙare ya sake farawa, sau biyu, sau uku, sau huɗu. Sai murmushin Mama ya fara raguwa. Ta ce, "'Yata, ina za ta ne?"

"Bakin titi, Mama."

"Ai ta daɗe tana tafiya. Doyar nan da nauyi fa. Ki bari ta sauke mana."

Na yi sauri na danna, hoton ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a sama, daro yana nan a kafaɗa.

"A'a," in ji Mama, "ba tsayawa na ce ba. Saukewa."

Na ce, "Mama, ban zana wannan ba. Ban san yadda ake yi ba."

Ta kalli matar da ke tsaye da kaya. Sannan ta juya ga 'yarta ta ce ta kawo daron nan, ta zuba doya biyu. Ta miƙo mana hannuwanta, ɗaya gare ni, ɗaya ga ƙawata.

"Ku tashe ni," ta ce. "In nuna mata yadda ake saukewa."