Ni Ta Ƙasa Na San Mota

Shekaruna na aiki duk a kwance na yi su, ƙarƙashin motocin mutane a wata warsha, wato garejin gyaran mota, a unguwar Karantina. Boko kuwa aji uku na yi, na ga malamin ya gaji, na tausaya masa na bari. Amma a majalisarmu ta bayan la'asar, a shagon wani tela mutumin Nijar a unguwar Nuzla, in aka zo maganar mota ni ake juyowa a kalla. Wannan kaɗai ya rage mini, haƙora ma sun tafi.

Rannan talabijin ɗin shagon na nuna wani tsohon fim na Faransa, baƙi da fari, sai ga mota kamar akwatin lefe, ana murɗa mata ƙarfe a hanci. Telan ya tsayar da keken ɗinkinsa.

"Bon, Alhaji, wace iri ce wannan? Mai tambarin zaki ce ko wata?"

Na ce, "Ƙara murya in ji injin."

Ya ƙara. Kiɗa ne kawai, ƙilin-ƙilin. Wai lokacin fim bai iya magana ba. To wane mai hankali ne zai ɗauki hoton mota ya bar kukanta?

"Yalla ya ammi, yi sauri baffa, muna jira," in ji mai shayi.

"Ku yi mini shiru! Ni ta ƙasa na san mota. Su kuma sai nuna mini hular matar direba suke yi."

Kamar sun ji ni, motar ta hau tudu ta kife, ƙafafu sama. Na tashi har da gyara tabarau, na manna fuska a gilashin talabijin ɗin. Wallahi sarƙa na gani, tun daga ciki har tayar baya. Ban taɓa kwanciya ƙarƙashin irinta ba.

Na juyo na ce, "Jama'a, wannan ba mota ba ce. Keke ne aka yi wa rumfa."

Telan ya ɗauki hotonta da wayarsa, wayar ta karanto masa sunan motar da Faransanci, ya maimaita yana murɗa baki. Aka tafa masa. Mutumin da ko taya bai taɓa canzawa ba!

Halas, shi ke nan. Yanzu in maganar mota ta taso, shi ake kallo, da zare a baki. Ni kuma sai a miƙo mini shayi, a ce in sha kafin ya huce.