Kabewar Inna Furera a Tulun Malam Khalilu

Inna Furera ta haura sittin, kuma a ƙauyensu na gefen Tsanyawa ba a san ta da komai ba sai kabewa. Irin da ta gada ne wurin kakarta, mai kaurin ɓawo, cikinta ja wur, tana kaiwa bazara a ƙarƙashin gado ba ta ruɓe ba. Bara ɓeraye suka shiga ƙwaryar irin, suka bar mata ƙwaya ɗaya tak.

Ta shuka ta a gindin danga. Kabewar ta yi yaɗo, ta haura gidan maƙwabcinta Malam Khalilu, ta zura 'yarta ɗaya tilo cikin wani tulu da ke bayan rumbu. Ba wanda ya lura sai da kaka, ta riga ta cika tulun dam.

"Malam, a fasa tulun nan," in ji Inna.

"Tulun mahaifiyata? Ke kaɗai kika ci gado a garin nan?"

Mai unguwa ya zo, ya kewaya tulun sau biyu, ya ce 'ya'yan na Inna ne, tsokar ta Malam, tulu kuwa ba mai fasa shi. A ɗora a murhu haka nan, a yi miyar taushe.

"A dafa min iri ina kallo?" in ji Inna.

Inna ta huda kabewar da wuƙa, ta cusa hannu ta bakin tulu, ta damƙo 'ya'yan. Hannu ya ƙi fita. Aka shafa man gyaɗa, aka ja, a banza.

"Inna, buɗe hannun mana!" in ji mai unguwa.

"Ba zan buɗe ba, ranka ya daɗe."

Kwana huɗu tana rungume da tulu. Da shi ta je suna, da shi ta je kasuwa. Mata suka fara zuwa tambayar Malam Khalilu yadda mai tulu a hannu za ta yi alwala. Ya duba littattafansa kaf bai samu ba. Ya aika a kawo masa taɓarya, ya fasa tulun da kansa.

A ranar nan, unguwa ta sha taushe da yakuwa da gyaɗa, Malam ya ƙara sau biyu. Da Inna ta buɗe hannunta kuwa, ɗumi da laima sun sa 'ya'yan duk sun tsira, ga damina ta wuce. Ta shuka su a bakin rijiya, kullum tana can da guga.