Kujerun Makarantar Damri

Ni kafinta ne a Talata Mafara, kuma sau ɗaya na taɓa samun kwangilar gwamnati: kujerun ɗalibai na makarantu biyu, ɗaya a gefen Damri, ɗaya a Birnin Tudu. Na fara da na Damri, na yi su da katakon maɗaci, na kai.

Bayan damina sai ga takarda daga ofishin da ya ba ni aikin. Wai kujeruna sun wargaje saboda na sa ruɓaɓɓen katako, don haka an soke aikin Birnin Tudu. Kafin sati maganar ta zaga kasuwa, abokan sana'a suna gaishe ni suna kau da ido.

Na so in tafi kotu. Ƙanen matata, malamin makaranta a Bakura, ya karanta takardar kwangilar ya nuna mini wani layi: idan saɓani ya taso, ɓangarori biyu su zaɓi mai sulhu, abin da ya yanke shi ke nan. Aka yi ta kai-komo har muka amince da wani tsohon injiniya ɗan Maradun da ya yi ritaya.

Ranar zama, jami'in ofishin ya baje hotunan karyayyun kujeru a tebur. Injiniya ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya cire tabarau.

"Hoto ba ya nuna cikin katako," in ji shi. "Ku tashi mu tahi mu gani."

Da muka isa, ajin da aka jibge kujerun babu rufi. Hedimasta ya ce iskar ruwan farko ce ta kwashe kwanon, ruwa ya yi ta dukansu har kaka. Jami'in ya ce ko da hakan, katakon kirki ba ya lalacewa haka.

Injiniya ya juyo gare ni. "Malam kafinta, ka zo da zartonka?"

"Shina cikin mota, ranka shi daɗe."

Injiniya ya ce wa jami'in ya zaɓi kujerar da ta fi muni. Ya zaɓo wata da ta yi baƙi ƙirin, ƙusoshinta sun ci tsatsa. Na ɗora ƙafarta a kan bulo na fara yanka. Da ta rabu biyu, cikin katakon ja wur, tauri kamar ranar da na saye shi. Injiniya ya sunsuna, ya miƙa wa jami'in. Aka yanka wasu biyu, duk haka.

Amma injiniya bai sake ni haka nan ba. Ya kankare fentin da farce ya ce, "Takarda ta ce a shafa fenti sau biyu. Nawa ka yi?"

Na sunkuyar da kai. "Ɗaya."

Hukuncinsa ya fito a rubuce: katako lafiyayye ne, a mayar mini da aikin Birnin Tudu, ofishin ya gyara rufin, ni kuma in ɗaure kujerun in sake musu fenti. Na yi kwana huɗu a Damri ina wannan aikin da hannuna, ban ji nauyinsa ba.

Bayan wata biyu jami'in nan ya zo rumfata, muka gaisa sosai, ya tambayi iyali. Sannan ya ɗauki guntun katako ya ce, "Malam, koya mini yadda ake gane na kirki." Na jawo masa benci, muka zauna har la'asar.