Tocilar Baffa Haruna

Cikin duk shekarun da na yi ina gyaran rediyo da tocila a kasuwar Karaye, ban taɓa mantawa da ranar da Baffa Haruna ya dawo mana da tocilarsa karo na uku ba. Lokacin ina shekarata ta ƙarshe a hannun maigidana Malam Tasi'u. Tsarin rumfarmu shi ne, wanda ya kusa yaye shi ake bar wa ƙananan gyare-gyare, maigida kuma ya duba kafin a miƙa wa mai kaya.

Baffa Haruna dattijo ne makiyayi daga wajen Beli. Tocilarsa irin ta da ce, ta ƙarfe mai batir uku. Zuwansa na farko mun sa masa sabon batir, na biyu muka canja ƙwai. Ran nan, ranar kasuwa ce bayan an cire gyaɗa, ya iso da hantsi. Bayan doguwar gaisuwa ya ce har yanzu haskenta kamar garwashi. Ya ce da ita yake zagaya maruƙa, shekaranjiya kuma ya faɗa rami har ya gurɗe ƙafa, 'ya'yansa sun fara cewa ya daina zuwa garke.

Ga wanda bai san aikin ba, tocila ba ta da wani sirri. Wuta na fitowa daga kan batir, ta ratsa siririyar wayar cikin ƙwai, ta bi makunni da jikin ƙarfen, ta koma gindin batir ta sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar da ke cikin murfi. Duk inda hanyar ta yanke, babu haske. In kuma tsatsa ta kama wani wuri, hasken sai ya raunana. Na bi hanyar nan ɗaya bayan ɗaya. Na auna batir da mita, a cike. Na kankare sifirin ko da yake ba shi da tsatsa, na tsaftace makunni. Sannan na sunkuya ƙarƙashin tebur inda akwai inuwa, na kunna. Haske ya fito fari tas.

Na miƙa masa ina jin kaina. Ya kara ta kusa da fuskarsa, ya girgiza kai, ya ce ai ga ta nan yadda take. Na buɗe baki zan yi masa gardama, sai na ji maigida ya taka min ƙafa.

Malam Tasi'u ya ajiye rediyon da ke hannunsa, ya zaunar da dattijon a kan benci, ya dawo gefensa ya zauna. Ya yi ta jan sa da hirar shanu da kiwon bana, yana duban fuskarsa. Ni ma sai na duba. A tsakiyar idanunsa duka biyu akwai wani fari kamar ɗigon nono.

Can maigida ya sassauta murya ya ce, "Baffa, tocilarka lafiyarta ƙalau."

Dattijon ya daɗe yana shafa tocilar da babban yatsa. Sannan ya ce, "Na sani, ɗana. Tun damina na sani. Amma in na ce tocila ce, ai akwai mai gyara."

Ban san lokacin da na sunkuyar da kai ba. Maigida ya ce masa wannan ma da izinin Allah akwai masu gyaranta, yanar ido ce, kuma an cire wa mahaifiyarsa irinta a Kano, yanzu da kanta take tsince shinkafa. Baffa ya ce shi tsoron wuƙa yake a ido, kuma bai gaya wa kowa a gida ba don kada a zaunar da shi a ɗaki. Maigida bai matsa masa ba. Ya tambayi sunan babban ɗansa kawai. Da kasuwa ta ci, ya bar min rumfa, ya goya dattijon a babur har rugarsu, ya yi magana da ɗan.

Sai bayan wata biyu muka ji an kai shi Kano. Idon dama ya buɗe. Na hagu an ce akwai wata matsalar ban da yanar, bai dawo ba.

Da bazara sai ga shi a bakin rumfa da ƙwaryar man shanu, ba mai riƙe da hannunsa. Ya gaisa da maigida, ya juyo ya ƙare min kallo, ya yi dariya.

"Ashe har gemu gare ka. Ni da nake jin muryarka, na ɗauka ɗan yaro ne."

Ku da kuke koyo yanzu, mita za ta gaya muku lafiyar batir da ƙwai, iyakarta ke nan. Sau uku mutumin nan ya tsaya a gabana, ban ɗaga kai na dube shi ba. Tun daga ranar, duk wanda ya miƙo min kaya, sai na ce ya zauna tukuna.